Sauti Mai Sheƙi a Kundin Progressive Metal: Gyara Ne Ko Ɓarna?

A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar Dream Theater ta Amurka ta fitar da kundinta mai suna Parasomnia, na farko da tsohon makaɗin gangarta, Mike Portnoy, ya sa hannu a ciki tun da ya dawo a 2023 bayan shekara 13 da rabuwa. Watanni kaɗan kafin nan, ƙungiyar Opeth ta ƙasar Suwidin ta saki The Last Will and Testament. Duk sanda manyan kundaye irin waɗannan suka fito, akwai wata gardama da ba ta fashi tsakanin masu sauraro, kuma ba a kan waƙoƙin take ba, a kan yadda aka sarrafa sautin a situdiyo ne. Wannan ya ce an goge kiɗan har ya koma kamar na'ura ce ta buga shi. Wancan ya ce ai da ba a goge ba, da wahalar da makaɗan suka sha ta tafi a banza, don ba mai jin ta.

Wanda bai saba da harkar ba dole abin ya ɗaure masa kai. Yaushe tsafta ta zama aibi? A biya injiniyoyi maƙudan kuɗi don sauti ya fito tas, sannan a dawo ana kukan ya fito tas? Inda gizo ke saƙar shi ne, kalmar nan ta "gogewa" ayyuka daban-daban aka ƙunshe a cikinta. Sau da yawa mutum biyun da ke musu ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

Wane irin kiɗa ne wannan

Metal kiɗa ne na gita mai lantarki da ake ƙure wa amo har muryarta ta yi kaushi, da ganguna masu ƙarfi, da gitar bes mai riƙe ƙasan sauti. A Ingila ya tsiro a ƙarshen shekarun 1960, an fi danganta shi da Black Sabbath ta birnin Birmingham. A daidai lokacin kuma wasu ƙungiyoyin Ingila, irin su King Crimson da Yes da Genesis, suna can suna wani salo na daban: waƙoƙi dogaye masu rassa, masu aron dabarun kiɗan gargajiyar Turai da na jaz. A shekarun 1980 aka haɗa auren biyun a Amurka, a hannun Queensrÿche da Fates Warning da Dream Theater, wadda wasu ɗaliban makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston suka kafa a 1985. Abin da aka haifa shi ake kira progressive metal, masu shi kan taƙaita su ce furog.

Yawancin waƙoƙin da ake ji a rediyo bugu huɗu-huɗu ake ƙirga musu, daga farko har ƙarshe. Furog ba ya zama wuri ɗaya. A waƙar da ƙungiyar Tool ta sa wa kundinta na 2001 sunanta, Lateralus, akwai sashen da ƙidayar ke tafiya tara, takwas, bakwai, sannan ta koma. Waƙar Octavarium ta Dream Theater minti 24 ce cur. A cikin waƙa guda ana iya farawa da gitar katako a hankali kamar raɗa, a ƙare da rugugi kamar tsawa.

Abubuwa biyu ke nan da ya kamata a riƙe: kaya da yawa suna magana a lokaci guda, sannan akwai tazara mai faɗi tsakanin inda kiɗan ya yi sanyi da inda ya yi zafi. Duk gardamar a kan waɗannan biyun take yawo.

Abin da ake yi a situdiyo

Kundi yana bin matakai kafin ya iso kunne. Ana ɗaukar kowane abin kiɗa a layinsa, a gyara, a haɗa layukan wuri guda, wato miksin, sannan a yi masa kwalliyar ƙarshe da ake kira mastarin.

Aikin farko da ake kira gogewa shi ne raba wa kowa wurinsa. A nan furog na da matsalar da ba kowane kiɗa ke da ita ba. Tsirkiya mafi kauri ta gita mai tsirkiya shida tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa. Ta gitar bes kusan sau 41. Akwai rata a tsakani, kowa da gidansa. Amma gita mai tsirkiya takwas, wadda makaɗan furog na zamani suka runguma, tana sauka zuwa wajen 46, ta shiga gidan bes ke nan ba sallama. Ga kuma babbar gangar ƙafa a unguwar. Idan makaɗi na taka ta da ƙafa biyu, bugu huɗu a kowane ƙirge, a saurin 180 a minti, sau 12 yake bugawa a daƙiƙa ɗaya. Aka bar ukun nan yadda makirufo ya ɗauko su, abin da za a ji kunu ne kawai. Sai injiniya ya rage wa gita ƙasanta, ya bar wa bes, ya ƙara wa gangar ƙafa wani ɗan kaifi a sama, "tak-tak", don a ji kowane bugu. Wannan aiki kusan babu mai jayayya da shi.

Na biyu shi ne gyaran kuskure, a nan ne hayaniya ke farawa. Injiniya zai buɗe layin ganguna a manhaja irin Pro Tools. A fuskar kwamfuta kowane bugu yana fitowa kamar ɗan tsauni, a bayansa kuma ga layukan ma'auni a tsaye, masu nuna inda bugun ya kamata ya faɗa. Makaɗi ɗan Adam ne: wani bugun ya riga layi da ƙiftawar ido, wani ya makara. Sai a yanka, a ja kowanne a ɗora shi daidai kan layi. Minti goma na kiɗa ana iya yi masa haka bugu bayan bugu, ko a bar manhaja ta yi da kanta. Murya ma haka, Auto-Tune da ya fito a 1997 da ire-irensa suna miƙe duk inda mawaƙi ya ɗan kauce.

Daga nan sai musanya. Akan maƙala wata 'yar na'ura a jikin ganga, duk sanda sanda ta sauka sai ta kira wani sauti da aka riga aka ɗauka aka adana, wato samfur. Yanzu ma ba sai an maƙala komai ba, manhaja na gane bugun ta maye gurbinsa. Amfanin a fili yake: bugu na ɗari biyar zai fito da ƙarfin na farko, ko da hannun makaɗi ya gaji. Illar ma a fili take: bugu na ɗari biyar zai fito da kamannin na farko sak.

Na ƙarshe shi ne matse sauti don ya yi ƙara, wanda ke da nasa labarin a gaba.

Yadda aka iso nan

Misalin da ya fi shahara na abin da rashin daidaiton sauti ke jawowa shi ne kundin ƙungiyar Metallica ta Amurka na 1988, ...And Justice for All. Waƙoƙinsa dogaye ne masu sauye-sauyen ƙidaya, shi ya sa mutanen furog ke ɗaukarsa kamar nasu. Amma sautin a bushe yake, kuma an danne bes ɗin Jason Newsted har kusan ba a jin sa. Mutum ya yi aikinsa, aikin na nan a faifai, kunne bai same shi ba.

Shekara huɗu bayan haka sai aka ga ɗaya gefen. Images and Words na Dream Theater, 1992, shi ne kundin da ya fitar da furog kasuwa, albarkacin waƙar Pull Me Under da ta samu shiga rediyo da tashar talabijin ta MTV. Furodusa David Prater ya ba shi sauti mai sheƙi, ya kuma musanya ƙaramar gangar tsakiya da samfur. Portnoy ya sha faɗa a hirarraki cewa bai so wannan sauti ba, don makaɗi irinsa yana da ƙananan bugu na raɗa tsakanin manya, samfur kuwa bai san raɗa ba. Kundin da ya fi kowanne ɗaga ƙungiyar shi ne wanda mai gangarta ke ƙorafi da shi. Daga kundinsu na 1999, Portnoy da mai gita John Petrucci suka karɓi aikin furodusa da kansu.

Opeth ta bi wata hanyar. Kundayenta na farko, Orchid na 1995 da Morningrise na 1996, sautinsu siriri ne mai ɗan hazo. A Blackwater Park na 2001 ta gayyato Steven Wilson na ƙungiyar Porcupine Tree ya taya ta tsara sautin, kuma har yau masu sauraro daga ɓangarorin biyu kan kafa hujja da wannan kundi: ana jin kowane abu sarai, amma gitar katako na nan da sanyinta, rugugin na nan da nauyinsa. A 2011 kuma jagoran ƙungiyar, Mikael Åkerfeldt, ya juya baya ga sautin metal na zamani gaba ɗaya, ya fitar da Heritage mai ɗumin kayan kiɗan shekarun 1970, ya ajiye gurnanin maƙogwaro. Magoya baya suka rabu biyu.

Babu ƙungiyar da ta gwada gefe biyun a sarari kamar Meshuggah ta garin Umeå a arewacin Suwidin. Mai gangarta, Tomas Haake, na cikin makaɗan gangar da ake girmamawa a wannan fage, amma a kundin Catch Thirtythree na 2005 bai buga ganga ba. An tsara bugun ne a kwamfuta da tarin samfur mai suna Drumkit from Hell na kamfanin Toontrack, wanda daga gangunan Haake ɗin aka ɗauko shi. Ba su ɓoye ba. Shekara 11 bayan haka, a The Violent Sleep of Reason na 2016, sai suka tattara suka tafi situdiyon Puk a Danmak suka buga tare a lokaci guda, kamar yadda ake yi a da. Makaɗan dai su ne, kowane kundi da abin da yake nema.

Salon Meshuggah ne ya haifi reshen da ake kira djent, sunan da aka kwaikwayo daga ƙarar gita idan an danne tsirkiyarta da tafin hannu an buga. Wannan reshe a ɗakin kwana ya girma, ba a manyan situdiyo ba. Misha Mansoor na ƙungiyar Periphery ya fara suna ne da kiɗan da yake haɗawa a gida yana ɗorawa a intanet da sunan Bulb. Shi ne ya tsara gangunan kwamfuta na kundin farko na Animals as Leaders a 2009, ƙungiyar mai gita Tosin Abasi, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ga waɗannan matasa, sauti tas-tas ba kwalliyar masu kuɗi ba ce. Shi ne abin da kwamfutar tafi-da-gidanka ke iya bayarwa, kuma a kansa suka rubuta kiɗan tun farko.

Yaƙin ƙara

Faifan CD da duk wani sauti na dijital yana da rufi da ba a iya wucewa. Wanda ke son waƙarsa ta fi ta maƙwabci ƙara ba shi da inda zai ɗaga ta sama, sai dai ya danne kololuwar ya turo na ƙasa su cike wurin, kamar mai danƙara auduga a buhu. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga wannan gasa, kowa na tsoron kada waƙarsa ta yi sanyi a rediyo.

Vapor Trails na ƙungiyar Rush ta Kanada, 2002, ya zama abin misali: an matse shi har sautin yana tsagewa. Death Magnetic na Metallica, 2008, ya fi jawo surutu, saboda waƙoƙin sun fito a wasan bidiyo na Guitar Hero ba tare da wannan matsi ba. Mutane suka jera biyun suka saurara, dubbai suka sa hannu a takardar neman a sake aikin.

Abin lura a nan: wannan aiki ana lissafa shi cikin "gogewa", amma sakamakonsa ba tsafta ba ce, datti ne. Kuma furog ya fi sauran jin jiki. Waƙar minti uku mai ƙarfi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba ta asarar abu mai yawa. Waƙar da ta shafe minti takwas tana hawa a hankali don ta fashe a na tara, idan aka matse ta, fashewar ba ta da inda za ta je. Kunne ma yana gajiya da sauti marar hutu, ga shi kundin furog yakan haura sa'a guda.

Hujjojin ɓangarorin

Masu goyon bayan sheƙi suna cewa wannan kiɗa na kunne ne kafin ya zama na jiki. An zauna an lissafa yadda gita za ta ƙirga bakwai ganga na ƙirga huɗu, su rabu su sake haɗuwa can gaba. Idan hazo ya rufe wannan, me ya rage? Suna kuma tunatar da cewa faifai ba filin wasa ba ne, aiki ne mai zaman kansa, kamar yadda ba a zargin mai fim don ya sake ɗaukar fitowar da ta lalace. Sukan kawo Devin Townsend na Kanada, wanda ke jibga layi kan layi har sautin ya zama bango, abin da ba ya yiwuwa sai da aikin situdiyo mai zurfi.

Masu adawa suna cewa rabin daɗin furog shi ne sanin cewa hannun mutum ne ya buga wannan abu mai wuya. Da zarar kowa na iya jan bugu ya ɗora kan layi, gwani da ɗan koyo sun zama ɗaya a faifai. Suna ƙara da cewa ɗan rigen nan da 'yar makarar nan da ake gogewa su ne sa hannun makaɗi, da su ake gane wane ne ke bugawa ko ba a faɗa ba. Ƙorafinsu mafi ƙarfi shi ne kamanceceniya: ƙungiyoyi da yawa suna sayen tarin samfur iri ɗaya, suna amfani da na'urorin kwaikwayon amfilifaya iri ɗaya irin su Axe-Fx da Kemper, sai kundaye su riƙa fitowa kamar 'yan gida ɗaya. Salon da sunansa ke nufin ci gaba, in ji su, bai kamata ya zama mai inifom ba. Su kuma sukan kawo kundin Leviathan na ƙungiyar Mastodon, 2004, mai kaushi da gumi, wanda duk da haka ba a rasa jin abin da ke gudana.

Kowane ɓangare na da inda ƙafarsa ke zamewa. Masu son sheƙi sukan haɗa bayyanar sauti da gyaran kuskure su kare su tare, alhali ana iya samun na farko ba tare da na biyu ba. Masu son ɗanyen sauti kuma sukan manta cewa ɗanyen ma dafa shi ake yi: ɗumin da ke cikin Heritage zaɓi ne da aka kashe wa kuɗi da lokaci. Kuma ba kowane ɗanye ne ke karɓuwa ba. Metallica ta gwada a St. Anger na 2003, har yau ana yi wa ƙarar gangarsa ba'a. Darkthrone ta Norwe ta ɗauki Transilvanian Hunger na 1994 da 'yar na'ura mai layi huɗu, hazon ya dace da shi don kiɗan maimaici ne mai neman yanayi. A ɗauki Octavarium da wannan na'ura, ba abin da zai tsira.

Abin da ya shafi mai sauraro da ƙaramin makaɗi

Mai sauraron waƙar Hausa ba baƙo ba ne a irin wannan musu. An san bambancin faifan Mamman Shata, inda makaɗan kalangu da 'yan amshi ke aiki tare a zama ɗaya, da waƙoƙin fiyano na situdiyon Kano da Kaduna da murya ke bi ta Auto-Tune. Masu cewa na da ya fi rai da masu cewa na yanzu ya fi fita, hujjojinsu ba su da nisa da na mutanen furog.

Yawancin mutane yau ta waya suke sauraro, da 'yar sifikarta ko abin saƙalawa a kunne, a cikin mota ko kasuwa. Sifikar waya ba ta iya fitar da ƙasan sauti, hayaniyar titi kuma tana haɗiye duk sashen da ya yi sanyi. A irin wannan hali kundin da aka ƙara wa kaifi aka ɗan matse shi ya fi fitowa, injiniyoyi kuma sun san da haka. Wanda ya zauna a ɗaki shiru da sifika mai kyau, shi ne zai ji abin da aka sadaukar. Wani lokaci masu gardamar kundi ɗaya suka saurara, amma ba abu ɗaya ya shiga kunnensu ba.

Dandalin sauraro ta intanet ya ɗan sauya lissafin. Spotify, alal misali, yana daidaita ƙarar waƙoƙi a kan -14 a ma'aunin ƙarar sauti da ake kira LUFS, sai in mai sauraro ya canza da kansa. Ma'ana, waƙar da aka matse don ta fi kowa ƙara za a rage mata murya ta dawo daidai da sauran, ta tashi ba ƙarar, ba kuma tazarar da ta sayar don samun ta. Wannan ya rage ribar gasar, ko da yake bai kashe ɗabi'ar ba.

Ga matashin da ke koyon gita kuwa, abin kaifi biyu ne. Ɗaukar ganga ta gaske na bukatar ɗaki mai kyau, makirufo da yawa da wanda ya iya jera su. Da samfur da kwamfuta, yaron da ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan zai iya fitar da kundin da za a saurara a ko'ina. Amma ma'aunin da yake gwada kansa da shi ma'auni ne da aka gyara, wanda wataƙila masu shi ma ba su buga haka a zama ɗaya ba. A dandalin wasa ake biyan bashin: ƙungiyoyi da yawa yanzu suna hawa da ƙirgen kwamfuta a kunnen mai ganga, da wasu layukan da aka ɗauka tun a gida suna bi ta baya, don abin da aka ji a faifai ya fito a fili. Masu sayen tikiti ma sun rabu a kan ko wannan cika alkawari ne ko rage shi.

Sake taɓa tsofaffin kundaye

Tunda ana adana layukan asali, hukuncin da aka yanke a situdiyo ba lallai ya zama na har abada ba. Meshuggah ta sake fitar da kundinta Nothing na 2002 a 2006, bayan ta sake ɗaukar gitocin da masu tsirkiya takwas. An sake haɗa Human na ƙungiyar Death, na 1991, a 2011, bes ɗin Steve DiGiorgio ya ƙara fitowa. Rush ta miƙa Vapor Trails ga David Bottrill, wanda ya yi aikin Lateralus, ya sake haɗa shi aka fitar a 2013. Wanda ke son ya ji da kunnensa abin da ake musu a kai, ya jera tsohon da sabon, amma ya daidaita ƙararsu tukuna, don kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ya ɗauka shi ya fi kyau.

Metallica kuwa, da ...And Justice for All ya cika shekara 30 a 2018, ta sake fitar da shi da sabon mastarin amma ta ƙi taɓa miksin ɗin. Bes ɗin Newsted na nan a danne inda aka bar shi a 1988.